Masu Tambaya da Masu Sauri

Daga kan teku, 4 ga Satumba

Assalamu alaikum Kak Zaleha, yayata ta kaina.

Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Abang Mokhtar da jikokin nan masu hana ki barcin rana. Ni ga ni a tsakiyar ruwa, a kicin ɗin dandalin haƙar mai, ina ciyar da ƙartin da ba su san ƙoshi ba. Na san ba ki son doguwar magana a waya, shi ya sa na ari kwamfutar ofis na zauna rubutu kamar ɗan makaranta. Kada ki sa min jan biro.

Kak, akwai matsala. Kamfani ya fito da sabuwar doka. Duk wanda nauyinsa ya wuce ƙa'ida ba zai ƙara hawa jirginsu mai saukar ungulu ba, wai idan jirgin ya faɗa ruwa ba zai iya fita ta taga ba. Wanda bai hau jirgi ba kuwa ba shi da aiki a nan. Da aka ɗora ni a sikeli, ma'aikacin jinyarmu ya dubi lamba, ya dube ni, ya ce, "Abang, kai kaɗai ne a kai ko da tukunya ka hau?" Kowa ya yi dariya, har da ni. Da na koma kicin sai na hau lissafi. A watan Disamba za a sake awo. Sama da shekara ashirin ina wannan aiki. Wane gidan abinci ne a tudu zai ɗauki kukun da ya doshi hamsin, ya biya shi abin da zai riƙe gida da karatun 'yata Irdina?

Na gwada rage shinkafa. Amma ki gaya min yadda kuku zai yi miya bai ɗanɗana ba. Sai Wan Azhar, mai tuƙa injin ɗaga kaya, ya ja ni gefe ya nuna min bel ɗinsa da ya ƙara wa huda. Allura yake yi wa kansa a ciki sau ɗaya a mako, tana kashe sha'awar abinci, kuma ta intanet ya saya.

Da na je gida hutu muka zauna da matata Suhaila muka duba. Masu sayarwa ba su ƙirguwa. Akwai wata mata a zauren waya da ke sayarwa haɗe da man gyaran fata, Suhaila ta ce ko kyauta ne ba zai shigo mata gida ba. Muka tace, saura biyu. Na ɗaya na sa musu suna masu sauri: ka amsa 'yan tambayoyi a waya, ka aika hotonka, wani likita da ba ka gani ba ya sa hannu, washegari ɗan babur ya kawo maka cikin ƙanƙara. Na biyu su ne masu tambaya: sai ka ga likita ido da ido ta bidiyo, a ɗebi jininka, a tone ka har kakanni. Sun fi tsada, sun fi ɓata lokaci. Kin san wanda na so, kin kuma san wanda Suhaila ta zaɓa.

Likitar masu tambaya, Dokta Thevi, yarinya ce da na kusa haifa, amma ba ta wasa. Muna cikin magana ta ce, "A danginku akwai wanda ya taɓa yin ciwon daji a gaban wuya, inda maƙoƙo ke fitowa?" Na ce mahaifiyarmu da ciwon wuya ta rasu, amma ban san sunansa na asibiti ba. Sai ta ajiye biro. Ta ce ba za ta rubuta min komai ba sai na kawo sunan.

To ke kika yi jinyar Mak. Ki aiko min da sunan kawai in ba ta, mu wuce wurin.

Ki gaida Abang Mokhtar, ki ce masa kifin da nake gani ta taga ya fi duk wanda ya taɓa kamawa.

Ƙanenki mai ƙiba,
Shahrul


Kuala Kangsar, 7 ga Satumba

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena Shahrul.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonka ya iso, na karanta shi sau biyu. Mu duka lafiya, alhamdulillah.

Sunan ciwon na rubuta shi a ƙasan wannan wasiƙa yadda yake a takardun asibiti, ka nuna wa likitar. Amma ba zan bar ka ka wuce wurin ba.

Ciwon da ya ɗauki Mak irin wanda ake gado ne. Likitanta ya ce a gwada jinin 'ya'yanta. Na faɗa maka wannan a barandar gidanmu ranar addu'ar arba'in. Kana riƙe da waya a kunne ɗaya, kana neman motar da za ta kai ka tasha, ka ce min, "To Kak, in na dawo." Ni na je. Aka ga na gada. Aka cire min abin da ciwon ke kamawa a wuya gaba ɗaya kafin ya zama ciwo, kuma kullum da safe ina shan ƙwaya a madadinsa. 'Ya'yana an gwada su, Allah ya tsare su. Bayan aikin na rubuta maka bayani dalla-dalla. Ka aiko min da kwandon 'ya'yan itace da kati mai fure.

Ban kawo wannan don in ci maka fuska ba. Na san kana teku lokacin, na kuma san kuɗinka ya biya rabin jinyar Mak. Sai dai shekara tara ke nan kana tsokanata wai ba na son waya. Ba ƙin waya nake ba, Shahrul. Aikin ya taɓa jijiyar muryata. Idan na yi magana mai tsawo sai ta shaƙe. Shi ya sa na bar aji kafin lokacina. Kai ka ɗauka tsufa ne, ni kuma na gaji da bayani.

Yarinyar nan likita ta yi daidai. Na tambayi likitana, ya ce irin wannan allura ba a ba wanda ke da ciwon nan a danginsa. Don haka ka tsaya wurin masu tambayarka. Wanda ya tsare ka da tambaya har ya ɓata maka rai ya fi wanda ya miƙo maka kaya bai ɗaga kai ya dube ka ba. Ka je a gwada jininka. Ba kai kaɗai ba ne a cikin maganar, akwai Irdina.

Batun aiki na fahimta, ban raina shi ba. Amma ka fara da wannan.

Abang Mokhtar yana amsawa, ya ce kifin da aka gani ta taga ba ya shiga lissafi. Allah ya tsare ka a kan ruwa.

Yayarka,
Zaleha


Chukai, 19 ga Satumba

Salam Kak.

Na dawo gida lafiya. Suhaila da Irdina suna gaishe ki.

Maganar muryarki ta tsaya min a rai. Wallahi ban sani ba. Ko in ce an faɗa min, kaina bai ɗauka ba. Ki yafe min.

Na kai wa Dokta Thevi sunan. Ko gama karantawa ba ta yi ba ta ce allura kam babu. Na ce to me ya rage? Ta jero min: gwajin jini a babban asibiti, hoton wuya, mai tsara abinci da za ta riƙa kirana duk mako, wataƙila wani magani daban idan sakamako ya fito. Ta ce za ta iya rubuta wa kamfani su ƙara min lokaci. Na ce, "Dokta, kin taɓa aikin kwantiragi?" Ta ce a'a. Na ce ranar da takarda ta shiga ofishinmu da kalmar ciwon daji a jiki, ko da na kakata ne, ranar za su fara neman wani kuku. Ta ce, "Encik Shahrul, na fi so ka yi fushi da ni kana raye." Kin ji 'yar yarinya da baki.

Kak, ki duba lamarin ta wajena. Idan aka gwada aka samu, sai yanka. Yanka kuma jinya, jinya kuma Disamba ta wuce ina kwance. Ni lafiyata ƙalau. Ba abin da ke min ciwo, na shafa wuyan nan ban ji komai ba sai kitse. Ki bari in tsallake awon nan, in sa hannu a sabon kwantiragi, sannan a zuƙe jinina duka idan ana so.

Na rufe maganar allura. Na sayi takalmin gudu. Da asuba nake zagaya bakin kogi, karnukan unguwa sun riga sun san ni. Na daina shayi mai madara, na daina wucewa ta gaban mai suyar keropok na kifi don kada ƙamshi ya karya min alwala. Za ki ga ƙanenki ya koma saurayi.

Kada ki damu, kuma don Allah kada ki tayar wa Suhaila da hankali da maganar gado. Na faɗa mata sama-sama.

Naki,
Shahrul


Chukai, 21 ga Oktoba

Assalamu alaikum Kak Zaleha.

Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Abang Mokhtar. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban iya tsara magana kamar ku ba. Suhaila ce. Abang Shahrul bai san na rubuto ba.

Kak, yana yin allurar. Shekaranjiya ina kwashe firji zan wanke, na jawo robar da nake ajiye daskararriyar kwakwa a can ƙasa, sai ga wani kwali a bayanta an naɗe da jarida. Alƙaluman allura ne, ɗaya ya kusa ƙarewa. Sunan masu saurin nan ne a jiki, waɗanda muka ce ba za mu bi ba.

Na jira ya dawo daga masallaci na ajiye masa a kan tebur. Na ce, "Abang, wannan fa?" Ya ce, "Magani ne, ba ki iya karatu ba?" Na ce likita ba ta hana ba? Ya ce wata likita ta hana, wani likita ya yarda, duk makaranta ɗaya suka yi. Na ce su ba su tambaye ka maganar Mak ba? Ya riƙa juya hularsa. Na sake tambaya. Ya ce, "Sun tambaya. Akwai gidan e, akwai gidan a'a. Yatsana ya faɗa a'a." Na ce Abang, ƙarya fa ke nan. Sai ya daka min tsawar da bai taɓa yi ba tun aurenmu. Ya ce, "Da gaskiya za ki biya kuɗin gida? Da gaskiya za a sayi littattafan yarinya?" Irdina tana ɗaki, na san ta ji.

Daga nan na matsa masa sai da ya nuna min wasiƙarki. Ni ce min ya yi maƙoƙo ne irin na tsofaffi. Kak, tun da na karanta, idan Irdina ta ɗaga kai tana shan ruwa wuyanta nake kallo.

Ya rame, gaskiya ne. Wandunansa duk na rage musu ƙugu. Maƙwabta sai yaba shi suke, Mak Cik Jah ta gidan kusa har cewa ta yi in kula kada 'yan mata su ƙwace min shi. Ni kuwa ni nake jin kakarin amansa a banɗaki ya sakar wa famfo ruwa don kada a ji. Na yi masa shinkafar nasi dagang da kifin da yake so, ya ci cokali biyu ya ture, ya ce warin man yana hawa masa kai. Mutumin da idan yana cin abinci sai ka ji yunwa ko ka ƙoshi. Gudun asubar ma ya bari, jiri yake ji.

Gobe zai koma teku, ya riga ya sa kwalin a jakarsa. Na rasa yadda zan yi. Idan na ɓoye, zai sayi wani, kwana ɗaya ne a kawo. Ke yake jin nauyi. Ki faɗa min abin yi.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Suhaila


Kuala Kangsar, 24 ga Oktoba

Wa'alaikumus salam, Suhaila ƙanwata.

Rubutunki ba shi da aibi, kuma kin yi daidai da kika rubuto. Ki kwantar da hankalinki gwargwadon iko.

Da na gama karanta saƙonki na sa jikata ta buɗe min shafin mutanen nan, don ina so in ga ƙofar da ya bi. Shafi ne mai kyau, ga hotunan mutane suna ta murmushi. Na cika tambayoyin da sunana. Wajen nauyi na ƙara wa kaina abin da ban taɓa kaiwa ba ko da cikin fari. Da na zo tambayar ciwon wuya na amsa da e. Sai rubutu ya fito da ja, wai su yi haƙuri, wannan magani bai dace da ni ba. A ƙasan jan rubutun kuma ga wani ɗan gida: koma baya ka gyara amsa. Na koma na sa a'a. Suka nemi hoto, na aika na wata ƙawata da izininta. Kafin in idar da la'asar saƙo ya shigo cewa likita ya amince, saura biya. Ni da ba ni da abin a wuyana ma, wadda iska mai ƙarfi ke iya kayarwa.

Na rubuta wa hukumar da ke kula da magunguna na bayyana musu abin da na gani. Ban ambaci sunan Shahrul ba. Ko za su yi wani abu, ban sani ba. Amma kada mu ruɗi kanmu, Suhaila. Su sun bar ƙofa a buɗe, shi kuma da ƙafarsa ya shiga, yana sane.

Ba taurin kai kaɗai ke damunsa ba. Tsoro ne. Tun yana yaro idan ya ji tsoro sai ya hau ba'a, idan ba'a ta ƙare sai faɗa.

Ga abin da nake gani. Kada ki ɓoye maganin, kada ki sake yin rigima da shi a kai. Ki je babban asibitin Kuantan da takardun da na haɗo miki, nawa da na Mak, ki nemi ganin likitan wannan fanni saboda Irdina. 'Yarki ce, ba sai kin jira izinin kowa ba kafin ki yi tambaya. Layin yana da tsawo, don haka ki fara yanzu. Ni kuma zan rubuta masa, kuma zan gaya masa cewa na sani. Ba zan yi kamar ban sani ba, ki yafe min wannan.

Ki shafa min kan Irdina. Allah ya ba ki juriya.

Yayarki,
Zaleha


Daga kan teku, 15 ga Nuwamba

Salam Kak.

Wasiƙarki ta same ni tun watan jiya. Na ƙi amsawa don raina a ɓace yake, kada in rubuta abin da zan yi nadama. Ke da Suhaila kun haɗa min kai, har da binciken sirri da hoton ƙawa. Malama, ashe ke ma kin iya cika takardar ƙarya. Da na karanta wurin sai da na yi dariya, ban so ba.

Lafiya lau nake. To, ba lau ba. Tunda kin riga kin sani bari in faɗa miki.

Damina ta kama, teku sai tashi yake, cikina ma haka. Abinci ya zame min kamar aikin kafinta, in yanka, in haɗa, in miƙa. Ba na jin daɗinsa, ba na jin rashin daɗinsa. Ran Juma'a na zuba gishiri sau biyu a miyar kaza ban sani ba. Wani yaro mai walda ya ɗaga cokali ya ce, "Abang Shahrul, ruwan tekun ne ya shigo tukunya?" Wan Azhar ya ce a bar shi, kuku ya rame, miya ta rame. Aka yi ta dariya. Ni da mutane ke roƙon a canja musu zuwa dandalinmu saboda girkina. Na shiga ɗakin sanyi na rufe ƙofa na tsaya tsakanin kwalayen kaji har sai da na daina jin kunya.

Na rubuta wa masu sauri cewa amai ya yi yawa, ina so in yi magana da likitan da ya sa min hannu. Amsa ta zo nan take, wai sun gode da na zaɓe su, in riƙa shan ruwa, kuma akwai rangwame idan na sayi na wata uku a haɗe. Na sake rubutawa, amsar dai ita ce, har da fure a ƙarshe. Sai ga saƙon Dokta Thevi, wadda ban biya ta ko sisi ba tun Satumba, tana tambaya ko na je gwajin. Ban amsa mata ba. Me zan ce?

Wani abu kuma. Idan ina aski da safe sai in ga hannuna ya sauka wuya da kansa. Da kitse ya rufe wurin. Yanzu da ya janye ina jin abubuwa, ban san wanne ne na halitta ba, wanne ne baƙo. Sai in tuna Mak da gyalen da take naɗawa ko ana zafi.

Amma sikeli yana sauka, Kak. Kaɗan ya rage. Ku bar ni in kai Disamba. Na yi miki alkawari daga an gama awo zan jefar da sauran.

Ki gaida gida. Ki daina yawan rubutu da jan hankali, kina sa kuku kuka a kan albasar da bai yanka ba.

Ƙanenki,
Shahrul


Chukai, 14 ga Disamba

Assalamu alaikum Kak Zaleha, ina gaisuwa.

Ya ci awon. Ranar Litinin aka yi, ya dawo da takarda yana ɗaga ta tun daga bakin titi. Sun ba shi sabon kwantiragi. Sauran allurar kuma ya ba ni da hannunsa ya ce in kai kantin magani su zubar. Na yi murna, Allah ya sani. Amma murnar ba ta kwana ba.

Na je Kuantan kamar yadda kika ce, ni da Irdina, cikin ruwan sama. Likitan dattijo ne, ya daɗe a kan takardunki. Ya ce ta wurin uba ake farawa. Idan Abang bai gada ba, Irdina ta kuɓuta, ba sai an taɓa ta ba. Idan ya gada, to a gwada ta da wuri, don irin wannan ba ya jiran mutum ya girma. Ya ce allurar da ya sha ba zai iya cewa ta yi ɓarna ko ba ta yi ba sai ya duba. Wani ya fasa zuwa, sai ya ba mu gurbinsa ranar Alhamis mai zuwa. Idan ta wuce sai bayan azumi. Ranar Alhamis ɗin ce kuma jirginsu zai tashi daga Kerteh.

Na so in bari sai ya huta in faɗa masa. Irdina ta riga ni. Muna cin abinci yana ba mu labarin yadda ma'aikacin jinya ya sa shi hawa sikeli sau biyu don bai yarda ba, sai ta ce, "Ayah, ranar Alhamis za ka je asibiti?" Ya ce wane asibiti? Na yi masa bayani. Ya ce Alhamis akwai jirgi, zuwan farko a sabon kwantiragi ba a fashinsa, in ya dawo. Ta ce, "Mak Long Zaleha ta ce haka ka gaya mata lokacin ina 'yar shekara shida." Ya ce yara ba sa sa baki a maganar manya. Ta ce, "Wuyana ne, Ayah." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce a makaranta ta karanta komai a kai, ta san shekarun da yake farawa, kuma ta gaji da yin kamar ba ta ga ina kallonta ba.

Kak, fuskarsa ta canja. Ya wanke hannu, ya ɗauki makullin babur ya fita ba rigar ruwa. Sai bayan magariba ya dawo a jiƙe. Jakar tafiyarsa tana bakin ƙofa a shirye, takardar asibitin kuma na manna ta a jikin firji. Yana wuce su duka biyun kamar bai gani ba.

Ki yafe min da na bar Irdina ta karanta wasiƙunki. Ta roƙe ni ne. Idan ya hau jirgin nan na san ba zai je ba, ko bayan azumi, ko bayan salla.

Ƙanwarki,
Suhaila


Kuala Kangsar, 15 ga Disamba

Assalamu alaikum Shahrul.

Ina taya ka murnar awo. Na san abin da ka sha kafin ka kai.

Ba zan yi maka wa'azi ba, na yi ya isa. Abu ɗaya zan faɗa maka wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar da zan je nawa gwajin, sau biyu ina sa Abang Mokhtar ya juya mota. A karo na uku ya kashe injin a bakin asibiti ya ce shi ba zai tuƙa ba, in ina son gida in tafi da ƙafa. Na zage shi, ni da ban taɓa ba. Don haka ban fi ka ƙarfin zuciya ba, da direba kawai na fi ka.

Abin da za a gani ranar Alhamis yana nan ko ka je ko ba ka je ba. Bambancin kawai, yarinyar nan za ta daina kwana da shi ita kaɗai.

Idan aiki ya tafi, gidan Mak yana nan, rabonka yana ciki, kuma garin nan ba mai sayar da abincin kirki. Ba za ku kwana da yunwa ba ina raye.

Allah ya zaɓa maka mafi alheri.

Yayarka,
Zaleha


Kuantan, Alhamis

Salam Kak.

A waya nake rubutawa, daga bencin asibiti. Na kira shugabanmu da safe na gaya masa gaskiya duka. Ya ce zai sa wani a wannan zuwan, sauran kuma sai ofis ta duba. Ban san abin da hakan ke nufi ba.

An ɗebi jini, sakamako sai nan da 'yan makonni. Suhaila da Irdina sun sauka neman abin karyawa.

Likitan ya duba wuyana da hannu. Ya daɗe a gefen hagu, Kak. Ya tura ni ɗaukar hoto yau ɗin nan, ya ce in dawo Talata. Bai faɗi abin da ya ji ba, ni ma ban tambaya ba. Ban gaya musu ba tukuna.

Idan Abang Mokhtar zai iya tuƙi cikin ruwan nan, ki zo. Ina so kina kusa ranar da za su faɗa.

Ƙanenki,
Shahrul